Yadda zaki haɗa aiskirim da sobet a gida ko da baki da inji

Tun da zafin nan ya kankama ban huta da tambaya ba, kusan duk wadda ta sha aiskirim ɗina a gidan suna ko walima sai ta ja ni gefe, "Anti dan Allah ya kike yi naki yake laushi haka, ni nawa in na fito da shi daga firiza dutse yake zama, cokali ma lanƙwashewa yake." Wata kuma tace nata ƙaras-ƙaras yake a baki kamar tana tauna ƙanƙara. Toh yau dai na zauna zan zayyano shi daga farko har ƙarshe, harda sobet, wato ɗan uwansa na 'ya'yan itace da babu madara a ciki, ki nemo biro ki kwafe awon, don awon nan shine rabin aikin.

Abu ɗaya nake so ki riƙe kafin mu shiga kicin. Duk wani aiskirim akwai ruwa a cikinsa, ruwa kuwa in ya ji sanyi ƙanƙara zai zama ko kin ƙi ko kin so. Naki aikin shine ki hana ƙanƙarar nan yin manyan ƙwayoyi, ta tsaya mitsi-mitsi yanda harshe bazai ji ta ba. Abu huɗu ne ke yin wannan: maiƙo, sukari, iska da saurin daskarewa. Duk matakin da zaki gani a ƙasa ɗaya daga cikin huɗun nan yake yiwa aiki.

1. Fara duba wuta kafin ki sayi komai

Wannan shi na sa a gaba saboda shi ya fi kayar da mutanenmu. Aiskirim yana buƙatar awa 6 zuwa 8 a firiza mai sanyi ba tare da yankewa ba, kuma firizar ta riga ta ɗau sanyi tun kafin ki saka, ba wai ki kunna ta yanzu ki jefa kwano ba. Sanyin da ake so shine digiri 18 ƙasa da sifili. In babu ma'auni a jikin taki, duba ledar fiya wata da ke ciki, in ta daskare gau kamar dutse toh lafiya lau, in kuwa tsakiyarta na motsi da ruwa ki dakata tukun.

Ni ranar da na fara yi, awa biyu da sakawa aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai wajen asuba. Da safe na buɗe na tarar da ƙanƙara a ƙasa, kumfa a sama, kuɗina sun tafi a banza. Tun daga nan nake haɗawa a lokacin da na san layinmu ya saba samun wuta, ko ranar da za a tada janareta dama. Masu sola ku kam kun huta.

Dabara: ki cika gefen firizar da ledojin ruwa su daskare tun jiya, ki bar gurbi a tsakiyarsu daidai robar aiskirim ɗin. Ko an ɗauke wuta na ɗan lokaci su zasu riƙe miki sanyin.

Gargaɗi: maiƙo yana jan wari. In akwai kifi ko daddawa ko ɗanyen nama a buɗe a firizar, wallahi sai kin ji su a aiskirim ɗinki. Ki ƙulle su a leda biyu ko ki raba musu waje.

2. Kayan aiki

Babban kwanon silba mai zurfi, miksa ta hannu in akwai, in babu abin kaɗa ƙwai ma yana yi sai dai hannu zai gaya miki. Bilenda, rariya mai laushi, cokalin roba mai faɗi, leda mai kama jiki wadda ake rufe abinci da ita, sai roba mai murfi. Robar ta zama mai faɗi mara zurfi, don siririn haɗi ya fi saurin daskarewa, doguwar bokitin fenti kuwa gefe zai kama tsakiya na ruwa.

In nace kofi ina nufin mai cin mil 250, wato ledar fiya wata mai 50cl kofi biyu ce. Ba gwangwanin madara ba, shi bai kai haka ba.

3. Sayen kirim da madara, inda ake yawan yin kuskure

Hanya mafi sauƙi kaya biyu take buƙata: wipin kirim (wato kirim ɗin da ake bugawa ya tashi) kofi 2 da madarar kondens gwangwani 1, mai nauyin giram 380 zuwa 400. Sai gishiri ɗan mitsitsi da fulebo. Shikenan.

Amma kirim kala-kala ne a kanti, ki karanta jikin kwalin. Wanda zai bugu ya tashi sai maiƙonsa ya kai kashi 30 cikin 100, wanda ya kai 35 ya fi. Akwai wanda aka rubuta na girki ne, wannan maiƙonsa kaɗan ne, ko kwana kika yi kina bugawa bazai tashi ba. Akwai kuma na man itatuwa da masu kek ke amfani da shi, ya fi arha kuma ya fi jure zafi, yana tashi sosai amma yawanci da sukarinsa yake zuwa, don haka in shi kika saya ki rage kondens zuwa rabin gwangwani ki ɗanɗana kafin ki ƙara. Sai na gari wanda ake kwaɓawa da ruwan ƙanƙara, shagunan kayan kek duk suna da shi, ki bi awon ruwan da ke jikin ledarsa. A ɗanɗano dai na madarar shanu ya fi, na man itatuwa yana barin wani maiƙo a dasashi da ni bana so, amma in sana'a zaki yi shi ya fi fitar da riba, gaskiya kenan.

Gargaɗi: kondens daban, madarar ruwa irin Peak ta shayi daban. Kondens ita ce mai kauri mai zaƙi da ke zuba kamar zuma. Na ga wadda ta zuba ta shayi a madadinta, ba sukari ba kauri, abin ya fito ƙanƙarar madara kawai.

In kondens ta yi tsada ki haɗa taki: madarar gari kofi 1, sukari kashi biyu cikin uku na kofi, tafasasshen ruwa kashi ɗaya cikin uku na kofi, bota cokali 3. Ki markaɗa a bilenda har sukarin ya narke, ki barta ta huce sarai a firij. Zata baki kusan gwangwani ɗaya.

Gargaɗi na biyu: kirim na madarar shanu a firij ake ajiye shi, kar ki jefa shi firiza don ya yi saurin sanyi. In ya daskare ya narke sai ya tsinke, maiƙo gefe ruwa gefe.

4. Sanyaya komai

Kirim ya kwana a firij. Kondens ma haka. Kwanon silba da ƙarafan miksa ki saka su a firiza minti 20 kafin ki fara, robar da zaki zuba a ciki ita ma ta shiga. A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, kicin da rana ba wajen buga kirim bane, ki bari sai dare ko da sassafe, kuma ki ɗora kwanon a kan wani babban kwano mai ƙanƙara da ɗan ruwa. Kirim mai ɗumi baya riƙe iska, wannan ba gardama.

5. Bugun kirim

Zuba kirim ɗin a kwano mai sanyi, fara da ƙaramin gudu minti ɗaya don kar ya fantsama miki a jiki, sannan ki ƙara. Da miksa minti 3 zuwa 5 ya isa, da hannu zai kai 10 zuwa 15. Zaki ga ya fara kauri, ƙarfen na barin sawu a ciki, ya ninka yawansa. Ki tsaya ki ɗaga ƙarfen, in kirim ɗin ya biyo shi ya yi tsini ya tsaya, ko kan tsinin ya ɗan sunkuya, toh ya yi, kashe miksa.

Gargaɗi: daga nan zuwa lalacewa ba nisa. In kika ci gaba zai fara gudaji-gudaji ya koma rawaya, kin kama hanyar yin man shanu kenan, yanda Fulani ke kaɗa nono a fitar da mai haka shima zai yi. In kin lura da wuri, zuba ɗanyen kirim mai sanyi cokali 2 ko 3 ki juya da hannu zai dawo. In har ruwa ya fito, ki haƙura ki ƙarasa bugawa ki samu bota ta shafa a burodi.

6. Haɗa shi da kondens

A wani kwano daban ki zuba kondens, gishiri ɗan tsunkule, fulebon banila ƙaramin cokali 1 zuwa 2. Ki ɗebi babban cokali biyu na bugaggen kirim ki zuba a kan kondens ɗin ki juya sosai don ta saki jiki. Sannan ki juye sauran a kashi biyu, kina ɗagowa daga ƙasa zuwa sama a hankali kamar mai juya dambu. Ba tuƙin tuwo bane, iskar da kika sha wahalar sakawa ita ce laushin, in kika tuƙa da ƙarfi ta fice. Da zarar kin daina ganin zanen fari da rawaya ki tsaya.

Ki ɗanɗana. Zaki ji zaƙin kamar ya ɗan yi yawa, haka ake so, sanyi yana danne zaƙi. Kuma dan Allah masu cewa "ni bana son zaƙi bari in sa rabi", sukari ba don daɗi kawai yake ciki ba, shi ke hana haɗin daskarewa gau. Kin rage shi da yawa kin samu dutse.

Wani abu a gefe: wasu fulebon banila na waje da sinadarin giya ake jiƙa su, ki duba jerin kayan da ke jikin kwalbar, ko ki sayi na gari hankalinki kwance.

7. Ɗanɗano

Na cakulan: hodar koko ta kek cokali 5 zuwa 6, ki dama da ruwan zafi cokali 4 ta zama kamar kunu mai kauri, ta huce, ki zuba a kondens kafin kirim ya shiga. In kika barbaɗa ta a bushe gudaji zata yi. Milo ma yana yi amma da sukarinsa, ki rage kondens kaɗan.

Na dabino shi na fi so. Dabino kofi 1 ki cire ƙwallo, ki jiƙa a madara mai ɗumi rabin kofi na minti 30, ki markaɗa ya yi laushi, ki rage kondens zuwa rabi. Ɗan garin kirfa a kai, sai soyayyar gyaɗa da aka daddaka. Lokacin azumi wannan baya kwana a gidana.

Na fura: fura dunƙule 2 ki dama da kindirmo rabin kofi, ki tace a rariya in bakya son tsaki-tsaki, ki haɗa da kondens. Yajin furar nan, citta da kanumfari, yana fitowa da kyau a cikin sanyi.

Na mangwaro ko sitiroberi irin wanda ake kawowa daga Jos: nan sai an kula. 'Ya'yan itace ruwa ne jikinsu, in kika yanka kika zuba ɗanye kowane yanki tsakuwa zai zama. Ki markaɗa kofi 2, ki ɗora a wuta da sukari cokali 2 ya tsotse ya koma kofi 1, ya huce a firij, sannan ki haɗa.

Gargaɗi: ɗanyar abarba da gwanda da ɗanyar citta mai yawa basa shiri da madara, akwai sinadari a cikinsu da ke tsinka ta, abarba da gwanda har ɗaci suke sa mata. In dole sai kin saka, ki tafasa su minti 5 tukun, zafi yana kashe sinadarin. Zobo da tsamiya kuwa ki bar su sai mun zo sobet.

8. Daskarewa

Juye a robar nan mai sanyi, ki baje saman, ki shimfiɗa leda ta kwanta a kan aiskirim ɗin kanshi, ba a bakin roba ba, sannan murfi. Ledar ce ke hana farin ƙanƙara taruwa a sama. Ki tura can ƙasa ko can ciki inda ya fi sanyi, ba bakin ƙofa ba. Wannan haɗin baya buƙatar juyawa, ki ƙyale shi awa 6 zuwa 8. Ki gargaɗi yara, buɗe-rufe buɗe-rufe ɗin nan na "Umma ya yi?" shi ke hana shi yi.

In zaki ɗiba ki fito da shi minti 3 zuwa 5, ki tsoma cokali a ruwan ɗumi, ki ɗebi na sha ki mayar da sauran nan take.

9. In babu wipin kirim: hanyar dafawa

Ba kowane gari ake samun kirim ba, kuma ba kullum aljihu ke ɗauka ba. Wannan hanyar da kayan shagon unguwa ake yinta, sai dai ta fi cin lokaci.

Kayan: madarar gari mai cikakken maiƙo kofi 1 da rabi, ruwa kofi 3, madarar ruwa ƙaramin gwangwani 1, sukari kofi 1, kon fulawa cokali 2, gwaiduwar ƙwai 4, bota cokali 2, gishiri kaɗan, fulebo.

Ki dama madarar gari da ruwa, ki ɗebi rabin kofi ki kwaɓa kon fulawa da shi ki ajiye. Sauran ki ɗora a wuta kaɗan da rabin sukarin da madarar ruwa. A kwano ki kaɗa gwaiduwa da ragowar sukarin har ta yi haske. In madara ta fara tururi, ki zuba kwaɓin kon fulawa kina juyawa har ta ɗan tafasa minti ɗaya ta yi kauri, ki sauke. Yanzu ki ɗebi ludayi ɗaya na madarar ki tsiyaya a kan ƙwan a hankali kina kaɗawa da ɗayan hannun, ki ƙara ludayi na biyu, sannan ki juye duka a tukunya ki mayar kan wuta can ƙasa.

Gargaɗi: in kika juye ƙwai kai tsaye a madara mai zafi wainar ƙwai zaki samu. Kuma bayan ƙwai ya shiga kar ki bari ta yi ta tafasa, digiri 82 zuwa 84 ake nema. Ba ma'auni? Tsoma cokali, ki ja yatsa a bayansa, in layin ya tsaya bai haɗe ba ya yi. Ɗanyen ƙwai kuma kar ki kuskura ki sa a aiskirim, sanyi baya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake.

Ki sauke, ki sa bota, ki tace a rariya, ki dasa tukunyar a cikin ruwan ƙanƙara ta huce da sauri, ki sa fulebo, sai firij aƙalla awa 4, in ya kwana ma ya fi.

Shi wannan babu iska a cikinsa, ke zaki saka. Zuba a faffaɗar roba ki sa a firiza, bayan minti 45 ki fito zaki ga gefe ya fara kamawa, ki kankare ki buga da miksa ko cokali mai yatsu da ƙarfi, ki mayar. Ki maimaita duk minti 30 har sau 4 ko 5. In bazaki iya wannan zaryar ba, zuba haɗin a farantin ƙanƙara mai gida-gida ya daskare, ki juye a bilenda ki markaɗa ya yi sumul, ki mayar firiza awa 2. Ni wannan nake yi yanzu, ƙafata ta gaji.

Kar kiyi zaton ƙara madarar gari zai ƙara kyau. In ta yi yawa bayan kwana biyu uku sai ki ji kamar yashi a harshe. In kuma da madarar shanu ɗanya zaki yi, kofi 4 a madadin ruwa da rabin garin, ki tafasa ta sosai tukunna.

10. Sobet

Sobet shine wanda babu madara, 'ya'yan itace ne da sukari da ɗan tsami. Kusan ƙanƙarar zobon da muke ƙullawa a leda ce, bambancin ita ana tsotsa, shi kuma da cokali ake ɗiba saboda laushinsa. Tunda babu maiƙo, sukari ne kaɗai ke riƙe da shi, ana so ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na haɗin. Ya gaza, dutse. Ya wuce, bazai daskare ba sam, sai dai ya tsaya kamar kunu.

Fara da ruwan sukari: sukari kofi 2, ruwa kofi 1, a wuta har ya narke, minti biyu ya isa, ba alawa zaki yi ba. Ya huce. Zai baki wajen kofi 2, kusan duk kofi ɗaya na ruwan daidai yake da kofi ɗaya na sukari.

Na mangwaro shi ya fi sauƙi don jikinsa da kauri. Ki zaɓi nunanne mara zare, irin manyan nan da ke cika kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano in kakarsa ta zo. Markaɗaɗɗe kofi 4, ruwan sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, lemun tsami 2, gishiri ɗan kaɗan. In mai zare kika samu sai kin tace.

Na kankana: ki cire 'ya'yan, ki markaɗa, ki tace, kofi 4 da ruwan sukari kofi 1, lemun tsami 2 ko 3. Kankana ba tsami gareta ba, in babu lemun tsami salam zaki ji ta.

Na zobo: ki dafa shi da ƙarfi fiye da na sha, da citta da kanumfari da ɓawon abarba yanda kika saba, ki tace da kyalle mai tsabta saboda yashi. Kofi 4 na ruwan zobo yana cin sukari kofi 1 da rabi, ki zuba tun yana da zafi ya narke, ba sai kin yi ruwan sukari daban ba. Zobo ruwa ne zalla ba nama, don haka ki markaɗa abarba kofi 1 ki haɗa ya samu jiki. Tsamiya ma haka ake mata, ki jiƙa a ruwan zafi ki tace, sai ɗan barkono kaɗan in kina son na manya.

Na kuka, wato garin 'ya'yan kuka da ake kwalba da nono da shi ba na miya ba: kofi 1 a ruwa kofi 4, ki jiƙa ki tace, sukari kofi 1 da rabi. Yana da wani danƙo na kanshi da ke sa ya fito sumul kamar an sa madara.

Gwajin ƙwai: ga masu ruwa-ruwa irin zobo da kankana da tsamiya, ki wanke ɗanyen ƙwai da sabulu ki ɗauraye tas, ki zuba haɗin da ya huce a dogon kofi ki saka ƙwan a hankali. In ya nutse, ƙara sukari. In ya taso har abin da ya leƙo ya kai faɗin murfin kwalbar lemo, daidai kenan. In ya fito da yawa, ƙara ruwa. A mangwaro baya aiki saboda kauri.

Zuma ko gulukos na ruwa da masu kek ke sayarwa, cokali 2 a madadin wani ɓangare na sukarin, yana ƙara laushi sosai. Gargaɗi: in akwai jaririn da bai shekara ba da za a lasa wa, banda zuma.

Daskarewarsa irin ta mataki na 9 ce, ko ki riƙa bugawa duk minti 30, ko ki daskarar a gida-gida ki markaɗa. Haɗin ya yi sanyi a firij kafin ya shiga firiza.

11. In babu firiza gaba ɗaya

Ana yi da ƙanƙarar saye da gishiri. Gishiri in ya haɗu da ƙanƙara yana sa sanyinta ya sauka ƙasa da sifili sosai, har yana iya kusantar digiri 20 ƙasa, wannan ya isa ya daskarar da madara.

Ki sayo bulo ɗin ƙanƙara, ki sa a buhu ki farfasa da taɓarya. Haɗin mataki na 9 ko na sobet, mai sanyi, ki zuba kofi 1 a leda mai ƙwari ki fitar da iska ki ƙulle, ki ƙara wata ledar a kai. A babbar roba mai murfi ki zuba ƙanƙara kofi 8 da gishiri kofi 1, na awo mai arha, ki binne ledar a tsakiya ki rufe, a yi ta girgizawa minti 10 zuwa 15. Aikin yara ne wannan, ki basu su yi ta mirginawa a tsakar gida a inuwa. In da yawa ne ki sa a ƙaramar tukunyar silba mai murfi, ki dasa ta a bokitin ƙanƙara da gishiri kina jujjuya ta, duk minti 5 ki buɗe ki kankare gefe, wajen minti 30 zuwa 40 zai haɗu.

Gargaɗi: ki naɗe hannu da tawul, sanyin nan yana ƙuna. Kuma ki ɗauraye bakin ledar da ruwan sanyi kafin ki kwance, in ba haka ba ruwan gishiri ya shiga, kin yi aikin banza. Haɗin bugaggen kirim bai dace da girgiza ba, iskarsa zata fita.

12. Ajiya, da ranar da aka ɗauke wuta

Na gida babu sinadaran da kamfani ke sawa don ya daɗe, sati ɗaya zuwa biyu ne kyansa, sobet ma gara a shanye cikin sati. Ki raba a ƙananan robobi tun farko ya fi a yi ta fito da babba ana mayarwa.

In an ɗauke wuta kar ki buɗe firiza. Wadda take cike tana riƙe sanyi har kusan kwana biyu, mai rabi kuma wajen kwana ɗaya, amma aiskirim shi ke fara sakin jiki kafin nama. In ya yi laushi kawai yana nan da sanyinsa a shanye a ranar. In ya narke ya zama ruwa ya ɗau ɗumi, a zubar, kar ki sake daskarar da shi ki ba yara, madara da ƙwai ne, ciwon ciki ba wasa ba. Sobet da ya narke yana da sanyi kuwa sai ki ƙara ruwa ku sha a matsayin lemo.

13. Lissafin kuɗi

Farashi yanzu na safe daban na yamma daban, don haka ga yanda zaki lissafa da kanki. Kirim kofi 2 da kondens 1 suna bada wajen lita 1 da kwata zuwa lita 1 da rabi, gwargwadon yanda ya tashi, wato ƙananan kofuna masu mil 100 guda 12 zuwa 15. Hanyar dafawa tana bada kusan lita 1 da kwata. Kirim shi ke cinye mafi yawan kuɗin a hanya ta farko, a ta biyu madarar gari ce, a sobet kuwa sukari ne in dai kakar abin ake ciki, shi yasa sobet ɗin zobo da na mangwaro suka fi komai arha.

Ki rubuta duk abin da kika kashe, harda kofuna da murfi da ƙananan cokula da gas da man janareta, wannan na ƙarshen shi mata ke mantawa sai a ƙarshen wata su rasa inda riba ta shiga. Ki raba da yawan kofin da kika samu. A ce misali komai ya tashi naira 12,000 kin samu kofi 12, kowane kofi ya tsaya miki a 1,000 kenan kafin ki ɗora ladan wahalarki. In sari zaki yi, madara da sukari a manyan kasuwanni irin Singa ta Kano sun fi sauƙi a kan shagon unguwa. In kuma har abin ya kai ki buga suna a roba ki kai kantuna, sai kin nemi rajistar NAFDAC.

Na farko dai ki yi rabin awo, kirim kofi 1 da rabin gwangwani, ki ga halin firizarki tukun.